Madubin hagu ya tsaya cak, amma noti ɗaya ya kusa sa ni haƙura

Jama'a, madubin hagun mashin ɗina da ya hana ni sakat da yawan kwancewa ya tsaya. Jiya a nan Kano na taso daga Kurna, na bi ta Kabuga har Ɗangi na dawo, bai motsa ko kaɗan ba. Ba gam, ba walda, ban kuma sayi sabon mariƙin kuloci ba. Har tsayawa na yi a gefen titi ina girgiza shi da hannu, wani mai rake yana kallona kamar na taɓu.

Mashin ɗin na hannu na saya, kuma da ciwonsa ya zo. Ramin da sandar madubin ke shiga yana jikin mariƙin libar kuloci ne, shi kuwa alminiyam ne, sandar kuma ƙarfe. Mai shi na farko da alama irin mutanen nan ne da ba sa neman sufana, sai su kama kan madubi su murɗa da ƙarfin tsiya har sai ya ƙi tafiya. Ƙarfe da alminiyam in aka yi musu haka an san wanda zai ji jiki. Da na zare sandar na haska fitilar waya cikin ramin, tiredin sama, wato haƙoran da sandar ke bi in ana murɗa ta, duk ya cinye, ya yi sumul, sai wani gari mai ruwan toka da ke maƙale wa yatsa. Can ƙasa ne kawai haƙora biyu ko uku suka rage. Shi ya sa duk ɗaurin da zan yi wa notin sama da sufana 14, sai in ji ya kama, in ƙara kaɗan ya sake. Ba abin da yake ja.

Ku lura da wani abu, don na ga da yawanmu na hagu ne ke ba mu matsala. Iska in ta bugi madubin hagu baya take tura shi, wato wajen da noti ke kwancewa. Haka in ka kutsa tsakanin adaidaita sahu biyu a Bata ya goge ka. Na dama kuwa turawar nan ƙara ɗaure shi take yi in tiredinsa irin na kullum ne. Dalilin da ya sa Yamaha suke yin na damansu da tiredin hagu, wato mai ɗauruwa in an juya hagu, ke nan, don in ya bugi abu ya kwance maimakon ya fasa mariƙi. Saboda haka mai Yamaha, kar ka ɗora ƙarfi kana cewa noti ya ƙi, duba wajen da kake juyawa tukuna.

Dabarun da aka ba ni duk na gwada waɗanda hankali zai ɗauka. Farin tef na masu gyaran famfo ya riƙe daga gida zuwa masallacin Juma'a, kafin a idar da salla ya sake, na fito na tarar madubi yana kallon tanki. Siririyar wayar jan ƙarfe da na cusa a ramin ta fi shi daɗewa, amma ita ma girgizar inji ta cinye ta. Sufa gulu da yashi kuwa ban yarda ba, kuma ina roƙonku ku ma ku bari. Ranar da gilashin ya fashe da me za ka cire sandar? Wani ya ce in kai wa mai walda. Mai waldan unguwarmu dariya ya yi, ya ce ƙarfe da alminiyam ba sa haɗuwa a wutarsa, sai dai ya narkar mini da mariƙin ya ƙone robar waya.

Kafin in gane ramin ne, har sabon madubi na saya, biyu a haɗe N3,500, don ba sa raba su. Kuɗin nan har yanzu yana yi mini ciwo. Mariƙi da libarsa kuma aka ce N4,500, ga cire robar hannu, ga kwance wayar kuloci, ga sake saiti. Na ce a'a.

Abin da ya cece ni shi ne ramin nawa a huje yake har ƙasa. Ba kowane mashin ne haka ba, ku zura ashana ku gani. In ya huje, ai ba ruwanka da tiredin alminiyam kuma: ka zura sandar ta leƙo ta ƙasa, ka sa mata noti, na sama da na ƙasa su matse mariƙin a tsakiya. Da na ɗaga notin sama har ƙarshen tiredin sandar, abin da ya leƙo ta ƙasa bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, amma ya isa.

To a nan wahalar take. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da sandar a aljihu, na ce noti mai lamba 10 nake so. Yaron shago ya ɗebo mini cikin gwangwani. Ya hau, ya yi juyi ɗaya da rabi, ya cije. Na ɗauki wani, haka. Yaron ya ce, "Oga, sa sufana kawai, zai shiga." Zai shiga mana, bayan ya kashe mini sandar. Kauri ɗaya ne, milimita 10, amma tazarar haƙoran ce ta bambanta. Notin kasuwa da ake ɗaure ƙofa da gado da shi tazararsa milimita 1.5 ce, sufana 17 ke kama shi. Na madubi 1.25 ne, haƙoransa sun fi ƙanana, takwas cif a santimita ɗaya. In ka kanga sandar madubi da kusar kasuwa ka ɗaga su wajen haske, za ka ga haƙoran sun hau juna a farko, kafin tsakiya sun saɓa. Shago bayan shago, amsar ɗaya ce, wasu ma gani suke iyayi ne ke damuna.

Wani dattijon bakanike ne da ke zaune kan benci yana cin goro ya kira ni. Ya karɓi sandar, ya shafa ta da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, me ya kai ka wajen masu noti? Madubi kake gyara, nemi gawar madubi." Ya jawo wani tsohon galan da aka yanke, cike da karyayyun sanduna, ya kwance noti daga jikin ɗaya. Da yatsa kawai ya tafi har ƙarshe, sulɓi. Na ce, "Baba, nawa?" Ya ce in ba yaransa kuɗin ruwa. Ga haushi ga dariya, don sabon madubin da na ajiye a gida ma akwai irinsa a jiki.

Saura ƙiris aikin ya lalace a ƙarshe. Notin ya yi kauri, in na damƙe kuloci sai gindin libar ya taɓa shi, kuloci ba ya kaiwa ƙarshe. Wannan ba abin wasa ba ne, kar wanda ya hau titi a haka. Na kama notin da filaya na goga shi a kan dutsen wasa wuƙa, ina tsoma shi a ruwa in ya yi zafi, har kusan sulusinsa ya tafi. Gefen da na goga shi na juya ƙasa, lafiyayyen ya kalli mariƙi. A sama na sa wosha mai tsaga a ƙarƙashin noti. Wajen ɗauri, na fara saita sandar inda nake so ina zaune a kan mashin, na riƙe na ƙasa da sufana ɗaya, na ɗaure na sama da ɗaya. Bakin sufana ba ya shiga ƙasan sosai, a karkace na kama shi, fatar yatsana ma ta tafi a wajen. Kar ku matse kamar kuna ɗaure taya, mariƙin zai iya tsagewa.

Yanzu abin da ya rage kan madubin dama ne, can wajen ƙwallon da ke bayan gilashi. Gindinsa lafiya lau, amma da na shiga gargada sai ya sunkuya yana nuna mini takalmina. Irin wanda aka rufe ne, babu sukurun matsewa. Na tura ɗan yankin robar tiyub da bakin sukundireba, ya ɗan yi tauri, amma ban gamsu ba. Wanda ya taɓa ɓalle gilashin irin wannan ba tare da ya fasa shi ba, don Allah ya gaya mini ta wane gefe ake fara ɗaga robar bakin, kuma da ruwan zafi ake tausasa ta ko a rana ake barinta.