Damagaram ta fi kusa da Kano

Bikin ɗiyar kawuna ne ya tara mu a Damagaram, kowa da hanyar da ya biyo. Ni da Goggo daga Kano muka taso. Ƙanen amarya da ke karatu a Faransa ya sauka a Yamai. Wani surukinmu mai aiki a Jidda kuwa a Kano jirginsa ya ajiye shi, ya kwana gidanmu, muka kama hanya tare.

Bayan sallar asuba muka isa tashar Ƙofar Ruwa. Motar Damagaram ba ta da ƙarfe nawa, sai ta cika take tashi, shi ya sa sammako ke da rana: fasinjan safe ya fi yawa. Sharon muka samu. Na biya wa Goggo kujerar gaba gaba ɗaya saboda ciwon gwiwa, sannan aka shiga ciniki kan kaya, don ta yi sayayya a Kantin Kwari kamar ba gobe, ga atamfofi ga kwanuka. Ɗan kamasho ya ɗaga buhu ɗaya ya girgiza kai. "Hajiya, wannan ai fasinja ne." Ta ce, "To ɗana, tambaye shi ko zai biya." Aka dai sasanta, aka ɗaure but da igiya tunda ya ƙi rufuwa.

Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne. Mun wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, muka miƙe ta Dambatta da Kazaure zuwa Daura. A hanya ana hango aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Zai bi ta Daura ya karkata yamma zuwa Katsina da Jibiya, wato mu masu zuwa Damagaram a Daura zai sauke mu, sauran tafiyar ta mota ce.

Wani dattijo Badamagare ne kusa da ni a baya, kuma tun da ya ji bakinmu ya san ya samu abokan wasa. Ya ce ai mu Kanawa ziyarar iyayengidanmu za mu, tunda Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya taɓa kawo yaƙi har Gezawa. Goggo ba ta ko waiwaya ba ta ce, "Malam, ya zo dai, amma ka ga ya kwana a Dala?" Haka suka yi ta yi har Kwangwalam, shi ya saya mata gyaɗa, ita ta ce ladan ganin Bakanuwa ya biya.

A Kwangwalam ake sanin an zo iyaka, ba don harshe ko sutura sun sauya ba, sai don kowa ya fara lalube a aljihu. Ana sauka a nuna takardu a ɓangaren Nijeriya, a ƙetara zuwa Ɗan Barto a sake nunawa. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025 bincike ya ƙara tsanani, don haka wanda yake da fasfo ya riƙe shi, ya haɗa da katin rigakafin shawara. Wani saurayi a motarmu bai da ko ɗaya, shi ya zaunar da mu har rana ta ɗaga. Direba ya ce wannan ba komai ba ne. Ya ba mu labarin rufe iyakar da aka yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, lokacin da mai son ganin danginsa sai dai ya hau babur a ratsa da shi ta gonaki.

'Yan canji suna nan gindin bishiya, ɗaurin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan. Da can Ɗan Nijeriya kan shigo yana taƙama. Yanzu sai ka ba da sama da naira dubu biyu kafin a miƙo maka sefa dubu, kuma Goggo ta ƙirga nata sau da yawa tana salati. Mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya faran biyar, saboda haka in mai rake ya ce maka ashirin, ɗari yake nufi.

Ni a wajena daga nan tafiyar ta yi daɗi. Ƙasar Matamai da Kance cike take da gawo, tsaye a tsakiyar gonakin gero, manya da ƙanana. Manoman yankin ne suka daina sare tsiron da ya fito da kansa, suka riƙa gyara shi yana girma, tunda gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ga taki. A fadamun Korama kuma rake ne. Yara suka yanyame motar da shi an feƙe an yayyanka, muka sha har haƙora suka gaji.

Shingen jandarma ba irin namu ba ne na taya da katako. Igiya ce a miƙe, an ɗaura mata tsumma a tsakiya don direba ya gani. Jami'i ya leƙo ya karɓi takardun kowa ya tafi da su rumfa, can ya dawo yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yana duban fuska kafin ya miƙa. Ba hayaniya, ba kuma gaggawa. A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai, muka juya gabas. Kafin la'asar sai ga manyan duwatsun Damagaram a jibge, gidaje sun kewaye su.

Ƙanen amarya bai iso ba sai da dare ya raba. Jirginsa ya sauka filin Diori Hamani, ya kwana, sannan ya shiga babbar bas tun kafin kiran sallar farko. Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, sannan Takeita inda muka biyo. Gaskiya basa-basan Nijar sun fi motocinmu tsari, da tikiti da lambar kujera da lokacin tashi, wasu har da sanyi. Amma yini guda ne cur a zaune, ya sauko ƙafafu sun kumbura. Akwai filin jirgi a Damagaram, sai dai jirgin cikin gida ba kullum yake zuwa ba, kuma ranar da yake da shi ba ta dace da tasa ba.

Surukinmu na Jidda ya dube shi ya ce, "Kai ma da ka sauka a Kano." Ni ma ra'ayina ke nan ga duk wanda takardunsa suka ba shi damar shiga Nijeriya. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana karɓar jirage daga Jidda da Alƙahira da Adis Ababa, daga can kuma rabin yini ya isa. Yaron ya ce shi ya fi son ya sauka a ƙasarsa, ba mai tsare shi a iyaka, kuma wannan ma magana ce. Kawu ya ce da Turawa sun bar hedikwatar Nijar a nan ba su mayar da ita Yamai a 1926 ba, da duk ba a yi wannan gardamar ba. Tsoffin littattafai ma sun ce kusancin garin da Kano na cikin abin da ya sa Faransawa suka ɗauke ta.

Washegari muka zaga Birni, muka ga fadar sarki da ragowar ganuwar Sarki Tanimu, muka leƙa Zango da kasuwar Dole, inda Goggo ta ƙara wasu kayan a kan waɗanda ta rabar.

Da za mu koma sai muka bi ɗaya hanyar, wadda ta miƙe kudu ta Bande da Magarya, ta ƙetara a Babban Mutum zuwa Ɓaɓura, ta haɗe da titin Daura a wajen Dambatta. Motocinta ba su kai na Kwangwalam yawa ba, mun daɗe a tashar Magarya muna jiran cikon mutum biyu, har surukin namu ya gaji ya biya kuɗin kujerun.