Asabar ɗin da na tattara takardun girkin Mama

Tun da safe abin ya tsaya mini a rai. Ina neman takardar da Mama ta rubuta mini ma'aunin wani girkinta, sai na tsince ta can ƙasan dirowa, mai ya ɗiga a kanta ya cinye layi biyu. Daidai wurin da ta faɗi lokacin rage wuta. Na zauna ina kallon rubutun, yadda take jan wutsiyar harafi har ta sauka layin ƙasa. Yanzu hannunta rawa yake yi, ba ta iya riƙe biro. In wannan takarda ta lalace, shi ke nan.

Na zazzage duk abin da na tara a kan tebur: bayan ambulan, yagaggun shafukan littafin makaranta, waɗanda na buga daga intanet, har da wani da na rubuta a bayan rasit, takardar ta yi baƙi saboda na taɓa ajiye ta kusa da murhu. Na ce yau sai na samo musu fayil.

Da na je kanti, wanda ya fara ɗaukar idona ƙarami ne, girman A5, bangonsa na yadi mai furanni. Na daɗe ina juya shi a hannu kafin na mayar. Yadi da mai ba sa shiri, kuma yawancin takarduna A4 ne, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Sai na ninke kowace biyu kafin ta shiga, kuma daga wurin ninki takarda take fara yagewa. Na koma kan masu bangon roba, wanda tsumma ɗaya zai goge.

Zobban da ke riƙe takardu a cikin fayil ne suka fi cin lokacina. Mai zobe biyu ya isa takarda zalla, amma ni kowane shafi cikin leda zai zauna, leda kuma tana da nauyi, sai ta riƙa zamewa ƙasa har ramukan su buɗe. Mai zobe huɗu yana riƙe ta daga sama har ƙasa. Akwai kuma zagayayyen zobe da mai siffar D. Na buɗe kowanne na shimfiɗa: mai D ɗin a bangon baya aka kafa shi, shafuka suna kwanciya lumui, ba sa tasowa su rufe kansu. Abin da nake so ke nan, domin in hannuna yana jiƙe ba ni da na ukun da zai danne shafi. Ledojin kuma na duba jikin kwalin sai da na ga an rubuta polypropylene, don ledar PVC takan manne da rubutun da aka buga, ta kwashe tawadar.

Kuskure ɗaya na yi. Katunan raba sashe da na ɗauko daidai faɗin takarda suke, ledar kuwa ta fi su faɗi, sai kunnuwansu suka ɓuya a ciki. Sai na nemo masu faɗi. Kafin nan na manna 'yan takardu a bakin ledojin.

'Yata ta leƙo ta ga tebur a cike. "Umma, ki ɗauki hotonsu a waya mana, ki huta." Na ce hoton ma za a ɗauka, ita zan ba aikin. Amma waya tana mutuwa ne daidai lokacin da yatsuna suka yi maiƙo, kuma ina so ta taso tana ganin rubutun kakarta da idonta. Ta ja kujera ta fara zura takardu, buɗaɗɗen bakin leda yana sama.

Na so in jera komai bisa nau'in abinci, amma na kasa raba takardun Mama. Na ba su sashen farko, su kaɗai, guda 14.

Da yamma na kira ta. "Mama, bayan ya tafasa, yaushe ake rage wutar?" Ta yi dariya ta ce ita da hanci take ganewa, sannan ta tsaya ta yi tunani ta faɗa mini a hankali. Na rubuta a wani ɗan kati, na zura shi bayan takardarta a leda ɗaya, ban taɓa tabon man ba. Fayil ɗin yana kan kanta yanzu, nesa da tururi.