Gyaran tsohuwar Volkswagen T2 mai ɗakin kwana ba tare da an ajiye ta ba

Wanda yake da mota ta biyu yakan kai tsohuwar bas ɗinsa gareji a kwance ta kaf, ya dawo bayan shekara biyu ya ɗauki abarsa tana ƙyalli. Wanda ita kaɗai gare shi, da ita yake zuwa aiki, da ita yake cefane, ba shi da wannan damar. Duk abin da ya kwance ranar Asabar da safe dole ya mayar kafin Lahadi da dare, domin Litinin motar za ta hau titi. Wannan sharaɗin shi ke yanke abin da za a fara da abin da za a jinkirta, kuma abin da ido ya fi so, wato fenti da labule da kujeru, shi ne a ƙarshen layi.

Motar da ake magana a kanta ita ce T2, wadda aka ƙera a Hanoba ta Jamus daga 1967 zuwa 1979, kamfanin Westfalia kuma ya riƙa sa mata gado da kabad da wurin girki da rufin da ake ɗagawa. A Burazil an ci gaba da ƙera ta har 2013, wannan na cikin dalilan da suka sa kayan gyaranta ba su yanke ba. Ƙanwarta T3 ita aka fi gani cikin danfon Legas. Alƙaluman da za su biyo baya na injin 1600 ne, mai ƙarfin doki kusan 50, wanda iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. Manyan injinan 1.7 zuwa 2.0 da suka zo a shekarun 1970 lissafinsu daban ne, kada a ɗora musu wannan.

Asabar ta farko ta tiyon fetur ce, babu jayayya. Gobara tana yawan hallaka waɗannan motoci, kuma dalilin a bayyane yake: tankin mai yana gaban injin, sama da shi, don haka in tiyo ya fashe fetur zai ci gaba da zuba da kansa ko an kashe motar. Ga salansa da zafi, ga distiributa tana tartsatsi a ƙarƙashin kafireta. Jikin injin kuma da magniziyam a ciki, in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe shi. A cire kowane tiyo na roba daga tanki zuwa famfon mai, daga famfo zuwa kafireta, a sa sabo mai faɗin ciki milimita 5.5, mai lambar R9 da ke jure fetur ɗin da aka gauraya da etanol. Tsohon tiyo mai rigar zare yakan tsattsage a ciki alhali daga waje lafiya lau yake. Kowane baki a ɗaure shi da kilif na fetur, ba waya ba. Matatar mai ta roba a fitar da ita daga ɗakin injin, a mayar da ita ƙarƙashin motar kusa da bakin tanki, domin nauyinta yana jijjiga ƙaramin bututun tagulla da aka cusa a jikin kafireta har wata rana ya zare. A kama wannan bututun a girgiza. In ya motsa, a gyara shi a ranar. A duba robar da ke kare bututun ƙarfe inda ya ratsa kwanon gaban injin, in babu ita kwanon yana yanka shi a hankali. Sannan a ajiye abin kashe gobara mai kilo 2 inda hannun direba zai kai.

Birki da taya su ke biye. Daga ƙirar 1971 birkin gaba na faifai ne, na baya na ganga. Kafin nan duka huɗun ganga ne. Tiyoyin roba na birki suna kumbura ta ciki, mai ya shiga amma ya kasa komawa, sai ka ji taya ɗaya ta riƙe tana zafi, ko motar tana ja gefe guda. A canza su duka lokaci ɗaya, a zuba sabon man birki DOT 4, lita ɗaya ta isa, a fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta, wato famfon birki. Birkin ganga ba ya daidaita kansa. Akwai ƙananan taurari biyu a kowace taya da ake juyawa da sukudireba ta ramin da ke jiki: a matse har taya ta tsaya, a sassauta haƙori uku ko huɗu. In aikin ya kai ga babban notin tayar baya na milimita 46, a sassauta shi tun motar tana ƙasa, a mayar da shi da ƙarfin kusan 350 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) da sabon fil. Taya kuwa sai 185 R14 mai alamar C, ta ɗaukar kaya. Tayar ƙaramar mota gefenta laushi ne, bas mai tsayi irin wannan za ta riƙa layi da ita in babbar mota ta wuce. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako da shekarar da aka yi ta ne. Tayar da ta haura shekara takwas a rabu da ita ko zanenta bai cinye ba.

Yanzu injin. Ba a buɗe shi don kawai ya tsufa, a fara auna shi. Matsin kowace silinda kada ya gaza bar 7 (bar ma'aunin matsi ne), bambanci tsakaninsu kada ya wuce bar 2. A kama babban pulin ƙasa da hannu biyu a ja a tura: iyakar wasan da aka yarda da shi milimita 0.15 ne, wanda da ƙyar ake jin sa. In har ana ganin motsin da ido ana jin ƙwas, ciki ya ci. In waɗannan biyun sun yi kyau, abin da injin yake buƙata kulawa ce duk kilomita 5,000.

Baƙin mai lita 2.5 kacal yake ɗauka, kuma ba shi da matata irin ta motocin yanzu, sai rariya a ƙasa da noti shida ke riƙe da ita. A wanke rariyar, a sa sababbin gasket biyu na takarda da wasa na tagulla (zobban da ake sawa ƙarƙashin noti), a ɗaure a hankali, 7 Nm kawai, domin ƙarfin hannu yana tsige su. A ƙasa mai zafi 20W-50 ya fi dacewa. Inda ƙura take da yawa, kamar lokacin hunturu a ƙasashenmu, kada a jira 5,000, kuma matatar iska mai mai a cikinta a riƙa zubar da laka ana sabunta man.

Bawul shi ne inda rayuwar wannan injin take, don haka zan tsaya a kansa. Ana daidaita shi injin yana sanyi ƙalau, wanda ya kwana bai tashi ba. Tazarar milimita 0.15 ce ga na shiga da na fita. A cire murfin distiributa, a juya puli har rota ta kalli ɗan tsagin da ke bakin distiributa, tsagin puli kuma ya zo daidai da layin da ya raba jikin injin biyu. Wannan silinda ta 1 ce, ta gaba a dama. A ɓalle wayar da ke riƙe da murfin bawul, a zura ma'aunin tazara. Ya kamata ya wuce da ɗan ja, ba sako-sako ba, ba da tilas ba. A sassauta noti, a juya sukurun, a riƙe shi a ɗaure, a sake aunawa domin ɗaurin yakan motsa shi. Daga nan a juya puli rabin zagaye zuwa hagu a yi ta 2, haka ta 3, haka ta 4. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne rubuta abin da suka tarar kafin su gyara. Bawul ɗin da ya yi sako-sako ƙara kawai yake yi. Wanda kullum ake tarar da shi a matse, musamman na fitar hayaƙi a silinda ta 3, miƙewa yake yi saboda zafi, kuma ƙarshensa kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Silinda ta 3 ta fi fuskantar haka a injinan kafin 1971, domin abin sanyaya mai yana tare mata iska. In sau biyu a jere aka same shi a matse, a fara neman wani kan silinda.

Sauran na sama ba su da wuya: tazarar kwantak milimita 0.4, ta fulogi 0.6 zuwa 0.7, wasan fedar kuloci milimita 10 zuwa 25. Man giyabos lita 3.5, kuma a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai a tarar na sama ya ƙi.

Duk sanyin injin ya rataya a kan fambel guda. Fankar tana jikin sandar dinamo, saboda haka in jar fitilar caji ta kama ana tafiya, ba maganar batir ba ce, a tsaya nan take. Minti kaɗan ba fanka sun isa su gasa injin. Bel ɗin ya lotsa kusan milimita 15 in an danna da babban yatsa, ana daidaita shi da siraran wasa da ke tsakanin ɓari biyu na pulin sama. Kowane kwano da ke lulluɓe da injin yana da aikinsa, haka robar da ta zagaye ɗakin injin, ita ke hana iska mai zafi ta ƙasa dawowa cikin fanka. Bakanike da ya ce waɗannan tarkace ne a jefar, a nemi wani. Kada a bar tsumma a ɗakin injin, fanka tana zuƙe shi. Tuƙi ma yana cikin gyara: kilomita 80 zuwa 90 a awa, kuma a hawa a sauko giya ta uku da wuri, domin gudun fanka daga gudun injin yake.

In awon ya nuna injin ya gaji, hanyar da ta dace da mai mota ɗaya ita ce sayen wani injin a gina shi a hankali a kan benci, sannan a yi musanya a ƙarshen mako. Bol da noti huɗu na milimita 17 ke haɗa shi da giyabos, sai sandar da ke tallafe shi ta baya, da wayar totur, tiyon mai da wayoyin wuta. Ranar da injin ya fita a yi duk abin da ba a kaiwa sai ya fita: kuloci, robar mai ta gefen injin da ke haɗe da giyabos, tiyoyin numfashin tanki, da mazaunin batir da asid ya cinye.

Matsalar wuta da ta fi addabar mai hawa kullum ita ce motar ta ƙi tashi in ta yi zafi. Batir yana baya, makulli yana gaba, sitata tana baya, wutar tana yin doguwar tafiya cikin tsofaffin wayoyi ta iso a raunane. Ƙaramin rile, wato makunnin da wuta ke kunna shi, kusa da sitata yana magance ta. A kankare wayar ƙasa da ta haɗa giyabos da shasi. In ta lalace wutar tana bi ta wayar kuloci ta ƙona ta.

Tsatsa ita ce doguwar tafiya, wata da watanni. A fara da sukudireba da guduma a ƙarƙashin motar, ba a jikinta ba. Na farko gatarin gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba, wanda yake ruɓewa daga ciki a gindin inda shokozoba ke ɗaure. In ya huje a canza shi gaba ɗaya, kada a yi masa faci. Sai wuraren sa jak, da hannayen shasi da ke ɗauke da dabe, da dogayen ƙarafan ƙarƙashin ƙofofi. Amma kafin a taɓa dabe a toshe inda ruwan yake shigowa: robar tagogi, robar rufin da ake ɗagawa, da magudanar da ta zagaye saman motar. Wanda ya sa sabon dabe ya bar tsohuwar robar gilashi ya zuba ruwa a rariya.

Gefe ɗaya ake yi, wuri ɗaya a kowane mako, kuma ba a sa abin yanka sai sabon ƙarfen yana hannu an gwada shi ya zauna. A bar ƙofofi a jiki don a riƙa duba tazararsu, a tokare bakin ƙofar zamiya da ƙarfe kafin a yanke ƙasanta, domin layin da take gudu a kai yana nan, in ya goce ba za ta ƙara rufuwa daidai ba. A cire batir, a fitar da katako da auduga na bangon da ke bayan wurin, a lura da bututun birki da wayoyin da ke bin shasi, wani kuma ya tsaya a ciki yana kallo yayin walda. Ga wurin da mai hawa kullum ya bambanta da mai ajiyewa a gareji: faramar toka ta gama-gari tana shan ruwa, in aka fita da ita cikin damina tsatsa za ta ɓullo cikin makonni. A shafa faramar ifoksi a ranar da aka yi walda, a toshe haɗin, a fesa kakin hana tsatsa cikin ramukan. Ƙasan gilashin gaba a bar shi sai an sami hutun mako guda, domin abin da ake tararwa bayan an cire roba kullum ya fi wanda aka gani daga waje.

Kayan ciki a ɗauki hoton kowane kabad kafin a cire, sukurorinsa a leda da suna. Na Westfalia na asali a gyara su, ba a jefar ba, samun su ya yi wuya. In za a yi sababbi a yi da falankin fulawud mara nauyi. Batir na biyu don fitilu da firji a haɗa shi ta rile mai raba caji, da fis a kowane ƙarshen waya. Iskar gas ta girki ta fi iska nauyi, saboda haka akwatin tukunyar gas dole ya kasance da rami a ƙasa mai fita waje, a gwada kowane haɗi da ruwan sabulu. Hitar motar daga jikin salansa take ɗebo zafi, in akwatunanta sun huje hayaƙi mai kisa wanda ba shi da wari zai shigo. Na'urar gargaɗin wannan hayaƙi wajibi ce ga duk wanda zai kwana a ciki.

A Birtaniya motar da ta kai shekara 40 an ɗauke mata gwajin shekara-shekara na dole. Wadda ake hawa kullum ya kamata a kai ta duk da haka, ido na biyu a ƙarƙashinta yana da amfani.

Fenti sai bayan walda ta ƙarshe ta ga damina guda cikakkiya. Duk inda kumfa ta taso a ƙarƙashin faramar, a buɗe a sake, sannan a kai ta wurin mai feshi.