Cin Dare Ne Ya Kayar Da Ni

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe goma da rabi na dare, na fito sayen maganin sauro a kantin bakin layinmu a Fagge, sai na hango ɗan ƙanwata a bencin mai shayi. Faranti ne a gabansa shaƙe da Indomie, an soya ƙwai uku an kifa a kai, ga burodi ya sha bota, ga shayi haɗin kauri a babban kofi. Hannu ɗaya na kai loma, ɗayan na shafa waya. Yaron nan fa shi ne da safe ya ƙi kokon da mahaifiyarsa ta dama, wai yana rage ƙiba, bikinsa saura wata uku. Da rana a shago na tura masa kwanon shinkafa da wake, ya ce, "Kawu, ai na daina cin abincin rana." Na daɗe tsaye a kansa bai sani ba. Da ya ɗago muka haɗa ido, sai ya ce, "Wallahi Kawu tun safe ban sa komai a cikina ba."

Gabana ya faɗi. Maganar da na shafe shekaru ina yi wa maiɗakina ke nan, ko harafi bai canza ba.

A Kantin Kwari na tashi, a nan nake har yau. Duk wanda ya san kasuwar ya san daga hantsi zuwa La'asar mutum ba ya samun kansa. Baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, wannan na taya shadda, wancan na jiran a ɗaure masa dila, ga 'yan dako suna neman sallama. Sai in wuni da ruwan leda da goro. In na dawo gida bayan Magariba in ci tuwo, in yi Isha'i, in fita majalisa. A nan ake yin ta. Wani ya aika a sayo tsire, wani ya ce yau balangun Sabon Gari yake marmari, a haɗa da gurasa, a kora da lemo mai sanyi. In zan tashi kuma sai na biya wajen mai nama ya yanka mini tozo, wai tsarabar yara. Yaran da suka yi barci tun ƙarfe tara. Ni nake zama a tsakar gida in buɗe takardar, in cinye, in lashe yajin.

Ba zan ce duk laifina ba ne. Mutumin da ya wuni a tsaye, bai sha taba ba, bai bi shashanci ba, da guminsa ya sayi halal ya ci, me ya yi? Shi ke nan ɗan jin daɗin da nake da shi a rana. Ga zafin Kano a watan Afrilu, babu wuta, ɗaki kamar tanda, dole ka fito waje. Wajen kuma ko'ina ka juya wuta ake hurawa: mai awara, mai ƙosai, mai soyayyar doya, mai kifi. A lokacin ma ai yabo nake sha. Tumbi ya fito, ana cewa Alhaji hutu ya zauna. Babu wanda ya taɓa jan kunnena sai mace ɗaya, ita kuwa na ɗauki maganarta mita.

Amma in na yi wa kaina adalci, na san abin da nake yi. Wanda bai san yana laifi ba ai ba ya ɓuya. Da maiɗakina ta matsa, sai na koma ci a cikin mota, in tsaya nesa da gida, in jefar da takardar a kwata, in goge baki. Ina shiga za ta ji ƙamshin ƙuli da albasa, ta dube ni kawai ta yi shiru. Wannan shirun har yau yana damuna.

Da tela ya buɗa mini riguna karo na biyu, kuma na fara haki in na hau benen shago, sai na ce zan rage. Dabarar da na fara ita ce dai wadda yaron nan yake yi: na yanke karin kumallo, na yanke na rana. Ina wuni da jiri da saurin fushi, ina jin kaina jarumi, dare na yi in rama har da riba. Na sayi shayin rage ƙiba, abin da ya ba ni gudawa ce kawai. Na fara zuwa filin wasa na Ƙofar Mata ranar Asabar ina zagaye, in na dawo in ce ai na ƙona, na cancanci balangu. Har azumin Ramadana, da mutane ke fita sun yi sauƙi, ni da ƙari nake fita, domin daga buɗa-baki zuwa sahur bakina ba ya hutawa. Sikeli ya kai ni kilo 104.

Ƙwannafi da minshari ne suka kai ni asibiti. Aka auna sugana da safe kafin in ci komai, ya nuna 6.6. Likitar ta ce daga 7 zuwa sama ake kiransa ciwon suga, ni ina bakin ƙofa. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi in je in rubuta duk abin da ya shiga bakina bayan Isha'i har kwana bakwai. Na rubuta a bayan littafin bashi na shago. Da na kai mata, ni kaina kunya ta hana ni karantawa da ƙarfi. Ta ɗora biro kan lemo ta ce kwalbar roba ɗaya mai rabin lita tana da sukarin da ya haura ƙaramin cokali 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a wuni, wato wajen cokali 12. Ni kuwa biyu nake sha, ban da na shayi. Ta ce kitse da mai sun ninka tuwo wajen tara ƙiba fiye da sau biyu in aka auna su nauyi ɗaya. Sannan ta faɗi abin da ya zauna mini: ba duhun dare ne ke sa ƙiba ba, yawan abin da ake ci ne, kuma wanda ya wuni da yunwa ya gaji bai samu barci ba, ba ya iya cewa ya isa. Ashe bashi nake ci da rana, dare ya zo ya karɓa.

Na zauna rubutun nan da niyyar jero wa matasa shawara goma. Da na duba, waɗanda na gwada a jikina ba su kai haka ba.

Ku ci abinci da rana. Koko da ƙosai da safe, ɗanwake ko shinkafa da wake da rana, a zaune, ba a tsaye ba. Tuwon dare a rage malmala, a ƙara miya da ganye. In an gama a yi aswaki, an rufe ke nan. In abin ya taso wajen ƙarfe goma, sha ruwa ka jira kaɗan, sau da yawa ba yunwa ba ce, sabo ne. In ta ƙi lafawa, ga gurji, ga kankana yanka ɗaya. Kuma kada ka shigo da shi gida. Abin da ke cikin leda a gefen katifa sai an ci shi.

Da zan ce kada ku bar majalisa, domin zumunci ya fi tumbi muhimmanci, ku je ku zauna ku kame hannunku. To amma ni ban iya ba. Ana buɗe takardar tsire sai in ga hannuna a ciki. Sai da na ƙaurace wata huɗu cur, na canza har hanyar da nake bi daga masallaci, wasu suka ce girman kai na fara. Don haka in ba za ka iya ba, bar ta. Azumin Litinin da Alhamis ma ya taimake ni, ko da yake yanzu na gama cewa kada a wuni da yunwa. Ku yi shi don Allah, ba don sikeli ba, kuma ku sha ruwa kamar masu hankali.

Ku kwanta da wuri. A nan ne 'yan yanzu kuke ba ni haushi. Mu ko ba komai sai mun taka da ƙafa mun je wajen mai nama. Ku kuna kwance ƙarfe ɗaya na dare, ido a waya, ku latsa a kawo muku shawarma har ƙofar gida, gari ya waye ku kasa tashi Asuba, sannan ku ɗora hoto kuna ɗaga ƙarfe. Kowa so yake cikin wata guda ya zubar da abin da ya tara a shekara biyar. An yi maka magana ka ce ka gani a bidiyo. Ni shekara biyu na yi kafin in sauke kilo 13, kuma huɗu sun dawo bayan Babbar Sallar bara, da naman layya ya kwana uku a gidana ana suya.

A daren nan ban ce wa yaron komai ba a gaban mutane. Jiya da rana na aiki yaron shago ya sayo ɗanwake kwano biyu, na ajiye wa ɗan ƙanwar tawa ɗaya a gabansa, na ce ba zai tashi ba sai ya ci. Ya ci rabi yana ɓata rai. Da daddare na so in leƙa bakin layi in ga ko yana can, sai na fasa na rufe ƙofa, don ni ma ƙamshin wurin har yanzu yana kirana.