Kwalayen da Ke Ƙarƙashin Gadona

A ƙarƙashin gadona akwai kwalaye uku. Da huɗu ne, gara ta cinye ɗaya a daminar da ta wuce, kuma Allah ya sani da na ga ɓarnar ban ji zafi ba, wani sauƙi ma na ji. Abin da ke cikinsu littafin labarin zane ne, na farko da na buga da kuɗina a shekarar 2019. Kwafi dubu na buga. Waɗanda suka fita da kuɗi ba su kai ɗari biyu ba.

Kwanan baya wani yaro ya turo mini zanensa, hannunsa da kyau ƙwarai, ya ce: “Yaya, don Allah lambar mai buga littafi nake so, na kusa gamawa.” Na tambaye shi wa zai sayar wa, ya ce in Allah ya yarda za a saya. Amsar da na bayar ke nan ni ma a lokacina. Don haka ƙannena masu riƙe da fensir, maza da mata, ku matso in ba ku labarin kwalayen nan, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tun daga labarin na fara kuskure. Na taso ina kallon katun ɗin Japan, sai na ce ni ma sai na yi nawa na mayaƙa, mai kashi goma sha biyu, da masarautu bakwai, kowace da tutarta da tarihin sarakunanta. Na cika littafin rubutu biyu da sunayen garuruwa da taswira. Shekara uku ina fama da kashi na ɗaya, shafi 48, kuma a shafin ƙarshe jarumin bai ma fita ƙofar gari ba. Wanda ya saya ya biya kuɗin gabatarwa ne kawai.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini: hannun mai koyo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Fuskar jarumina a shafi na 3 daban take da ta shafi na 40, kamar wa da ƙani. Duk lokacin da na ga hannuna ya ƙara faɗawa sai in koma in sake shafukan farko. Shafi goman farko sau huɗu na zana su. Da na san haka, da labari mai shafi takwas na yi, mai farko da ƙarshe, in gama shi cikin wata guda in kama wani. A shekara ukun nan da na gama labarai ashirin ko fiye, kuma a kowanne da na koyi yadda ake rufe labari, abin da ba a koyonsa sai an kai ƙarshen. Labarin ma ba sai an je sama ta bakwai ba. Mai shayin unguwarku da masu cin bashinsa, ko ɗan adaidaita da ya tsinci jakar amarya, sun ishe ka shafi takwas, kuma kana da su a gabanka kullum ka duba yadda suke tsayawa da yadda suke zama.

Zancen tsayawa da zama ya tuna mini wani dattijo mai rubuta allunan shaguna, wanda na kai wa zanena don ya yaba. Ya juya shafukan a hankali, ya ɗago ya ce: “Yaro, mutanen garin nan naka duk sanyi suke ji ne? Ban ga hannun kowa ba.” Gaskiyarsa. Ban iya zana yatsu ba, sai na riƙa ɓoye su a aljihu, a bayan baya, a cikin hannun babbar riga. Na fita ina cewa tsoho ne, bai san zanen zamani ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Sai bayan littafin ya fito na sayi ƙaramin littafin zane na koma zama a tasha da bakin kasuwa, ina zana hannun mai yankan rake da na mai ƙirga canji. Wata shida na yi haka kafin yatsun mutanena su daina kama da ayaba.

Yanzu ga inda kuɗin ya tafi. Na je maɗaba'a da niyyar kwafi ɗari biyu. Mai wurin ya ɗauko kalkuleta ya nuna mini cewa babban inji sai an yi masa faranti, wato fulet, kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko kwafi ɗari za a buga ko dubu. Saboda haka in na buga dubu, kuɗin kowane kwafi zai faɗi warwas. Bai yi ƙarya ba, haka aikin yake. Ni ne na yi wa rogo kallon kitse. Na lissafa ribar kwafi dubu kamar an riga an saye su, na sayar da babur ɗina, na karɓi rance wajen yayata. Lissafin da ya kamata in yi shi ne in raba abin da na kashe da adadin da zan iya sayarwa, ba da adadin da inji ya tofo ba. In aka yi wannan lissafin, kowane kwafi da na sayar ya ci mini kuɗin biyar.

Abin haushin shi ne darasin yana nan a ƙofar gida. Marubutan adabin kasuwar Kano, tun daga shekarun 1980, da kuɗinsu suke buga littattafansu. Ba su jira wani kamfani ba. Amma dubi yadda suka yi: littafi siriri, takarda mai araha, bango kaɗai ke da launi, labari a raba shi na ɗaya da na biyu da na uku, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Sun san masu karatunsu, sun san shagunan Sabon Gari da za su karɓa, sun san abin da aljihun mai saye zai iya ɗauka. Ni kuwa na raina wannan hanya, ina hangen littattafan Amurka masu ƙyalli.

Shi ya sa na dage sai launi daga farko har ƙarshe. Bugu mai launi faranti huɗu yake ci a inda baƙi da fari ke cin ɗaya, domin tawada huɗu ake haɗawa. Allon waya da na kwamfuta da haske suke yin launi, takarda kuwa tawada take sha, kuma akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya fitarwa. Ban san ana mayar da fayil zuwa tsarin launin maɗaba'a da ake kira CMYK ba. Shafukan dare da na ɓata makonni ina yi wa shuɗi mai haske suka fito kamar ruwan kwata. Su Japanawan da nake kwaikwayo, mafi yawan littattafan zanensu baƙi da fari ne, abin da ke gaban idona amma ban lura ba. Baƙi da fari kuma ba ya rufa wa mai zane asiri, shi ya sa yake koyarwa.

Sauran ƙananan abubuwan kuwa ba a fafe gora ranar tafiya, tun kafin ka ja layin farko ake shirya su. Ka zaɓi girman littafin, A5, wato rabin takardar A4, ya ishi mai farawa. Ka saita shafinka a kan ɗigo 300 a kowane inci, ko a manhajar zane ta ibisPaint kake aiki a waya ko a ta Krita a kwamfuta. Ka bar rarar milimita uku a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma kada ka kai magana bakin shafi. Ni an yanke mini rabin jimla a wurare da dama. In ɗinkin waya za a yi a tsakiya, adadin shafuka sai ya rabu da huɗu: 8, 12, 16, haka. Kada ka tura shafuka ta WhatsApp a matsayin hoto, matse su yake yi layukan su dusashe. Kai fayil ɗin da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike.

Babban abin kunyar na ajiye shi nan. Na zaɓi wani salon haruffa mai kyau na rubuta maganganun mutanena, ya nuna ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau a kwamfutata. Kwamfutar maɗaba'a ba ta da shi, sai ta musanya da wani wanda bai san haruffa masu lanƙwasa ba, ta bar gurbinsu fayau. Ni kuma ina ɗoki, da aka ce in tsaya a fitar da kwafin gwaji in duba, na ce a wuce kawai na yarda da aikinsu. Ranar da na buɗe kwali na farko na ga jarumina ya zare takobi yana ihu: “Kai arawo! Ka fita daga asarmu!” Kwafi dubu. Na zauna a kan kwalin na rasa kuka zan yi ko dariya. Laifin nawa ne, domin da na fitar da fayil ɗin a PDF da haruffan a manne ciki, ko na mayar da rubutun zane, ko ma na rubuta da hannuna, da hakan ba ta faru ba. Mu masu rubutu da Hausa wannan tarkon yana jiranmu, kuma ba lalle bidiyoyin koyarwa na intanet su ambata shi ba. Kada ka bari a kunna inji sai ka riƙe kwafi ɗaya a hannu, ka karanta shi harafi-harafi, ka kuma ba wani wanda bai san labarin ba ya karanta.

Sai sayarwa. A Facebook duk zanen da na saka mutane ɗaruruwa ke yabawa: “Masha Allah, Allah ya ƙara basira.” Na ɗauka masu saye ne. Da littafi ya fito, waɗanda suka fi yabon su ne suka zo suna cewa: “Ango na littafi, ina nawa kwafin?” Kunya ta hana ni cewa su biya. Masu shago kuma suka ce in ajiye, sai an sayar. Na rarraba ashirin nan, talatin can, ban rubuta ba, ban karɓi sa hannun kowa ba. Wani ya ce bai tuna na kawo ba, wani ya miƙo mini nawa sun sha rana sun koɗe. Wani mai shago ya faɗa mini gaskiyar da ta fi kowace amfani: babba in ya ga zane sai ya ce na yara ne, uban yaro in ya ji kuɗin sai ya ce gara ya sayi littafin makaranta. Littafina ya faɗa tsakiya, ba na kowa ba. Na daɗe ina ɗora laifin a kan kullen korona na 2020, amma kafin kullen ma kwalayen ba motsi suke yi ba.

Da na gwada sayar da shi a PDF, mutum goma sha suka biya, cikin mako guda kuma wani ya turo mini littafina a wani zauren WhatsApp yana cewa in karanta zan ji daɗinsa. Na yi fushi a lokacin. Yanzu ina ganin mai farawa ya fi buƙatar a karanta shi fiye da a biya shi. Kamfanin labaran zane na Comic Republic da ke Legas, wanda aka kafa a 2013, kyauta ya riƙa sakin labaransa a intanet har sunansa ya kafu. Ka saki gajerun labaranka da kanka, sunanka da lambarka a kowane shafi, in ya yi yawo ya yi maka talla.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma in shagunan littattafai da makarantu kake nufi tana da amfani; ɗan littafi mai shafi 12 da za ka sayar hannu da hannu bai kai a tayar da hankali a kanta ba. Abin da ya fi ta gaggawa shi ne in kai da abokinka kuke aikin, shi labari kai zane, ku rubuta a takarda wa ke da me, kuma yaya za a raba kuɗi, tun babu kuɗin.

Kada kuma ka bar abin da ke ciyar da kai. Ni zanen tambarin shaguna da hotunan littattafan firamare ne suka biya bashin yayata, suka kuma saya mini takarda. Takardar ma yawancinta daga waje ake shigo da ita, tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, kuskuren da na yi da kuɗin babur yau sai ya ci fili.

Yadda nake yi yanzu ba shi da armashi a baki. Labari shafi 16, baƙi da fari, bango kaɗai mai launi. Ina sakin rabinsa kyauta, in ce mai son na takarda ya turo kuɗi. In mutum arba'in suka biya, sai in buga sittin a ƙaramin inji irin wanda ba ya buƙatar faranti. Kowane kwafi ya fi tsada, amma ba wanda ke kwana a ɗakina. Rarar nake ɗauka in je taron marubuta ko bikin littattafai irin wanda ake yi a Kaduna, in shimfiɗa a tebur in zauna ina zana fuskokin mutane. A nan na gane masu sayen nawa yawanci 'yan matan sakandare ne da malamansu, ba samarin da na yi wa labarin takubba ba. Masu hali suna zuwa Lagos Comic Con, bikin masu labaran zane a Legas, wanda ake yi tun 2012. Ni sau ɗaya na je, kuma abin da na fi ƙaruwa da shi ganin yadda wasu ke tsara shafi ne, ba ciniki ba.

Yaron nan na ba shi lambar mai bugun, amma na ce sai ya kawo mini labari mai shafi takwas da sunayen mutum ashirin da suka biya. Bai dawo ba tukuna. Su kuwa kwalayen, wata shugabar makarantar firamare ta ce tana so a raba wa ɗalibai, da sharaɗin kada in koya musu rubutun banza. Don haka duk daren da aka kawo wuta sai in jawo kwafi biyar ko shida, in ɗauki baƙin biro in bi shafi-shafi ina mayar da ƙ da ɗ da ɓ gurabensu. Na gama kwali ɗaya, saura biyu.