Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na fitar da ƴan CI cikin rairayi

Makon jiya mun tsaya inda aka rarraba mu makarantu domin sitaj, wato gwajin karantarwa na ɗaliban malanta. Mu uku aka tura wata lakwal ta wajen unguwar Bagalam a Maraɗi, irin masu harshe biyu ɗin nan da ake fara wa yaro karatu da Hausa kafin Faransanci, tsarin da aka soma gwadawa a Damagaram tun 1973. Ni ajin CI na samu, wato ajin farko na firamare, inda har lokacin wasu ke kukan a kai su wurin Inna.

Da ƙwarin gwiwata na shiga. Na jera haruffa a tabulo, yara suka rera mini "a, be, se, de" babu tuntuɓe, don sun haddace a bakin yayyensu. Na ce a raina ashe an rage mini aiki. Sai na rubuta baba, na nuna wata ƴar siririya a bencin gaba. Ta miƙe, ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta ce, "Be, a, be, a, Madam." Ta koma ta zauna tana jiran yabo.

Mushen da ke koya mana dabarun karantarwa a Ekol Normal, makarantar horon malamai, ya sha faɗa mana cewa harafi yana da suna, yana da sauti, kuma da sautin yaro ke karatu. Ni dai na rubuta a kaye saboda jarrabawa. Yarinyar nan ce ta fassara mini shi.

Daren nan ni da abokan sitaj ɗina muka yayyanka kwalin sabulu, muka rubuta baƙaƙe manya-manya. Da m, s, l da n muka fara, domin su ana iya jansu a baki har a isa ga wasali. B da d kuwa da ka buɗe baki sun tsere.

Da safe na fitar da ajin ƙarƙashin dogonyaro, na zana gidaje biyar a rairayi kamar na ƴar gala-gala: a, e, i, o, u. Yaro ya riƙe kwalin m a ƙirji, ya taho da ƙafa ɗaya yana "mmmm", in ya dira gidan a sai ya saki: ma! Wanda ya dira gidan u ya ce mu. Kafin rekreyasiyo ƴar siririyar nan ta dira sau biyu a gida ɗaya, ta tsaya cak, ta waigo ido waje. "Madam, mama na ce!" Wallahi sai da na juya baya na share ido da bakin mayafi.

Daɗi ya ɗebe ni, na ƙaro wasan kasuwa: kowa ya sayo mini abin da ke farawa da "sss". Aka kawo sabulu, sukari, sanda. Wani mai gajeren wando ya daka tsalle ya ce, "Tsire!" Na ce a'a. Ya ce, "To mi ya hana, Madam?" Na san ts sauti ne daban, amma yadda zan gaya wa ɗan shekara shida ya ɓace mini. Kafin in lalubo amsa rabin aji ya ɗauka, "Tsire! Tsire!", ƙura ta turnuƙe har tagar ajin CP, wato aji na biyu.

Madam mai ajin ta iso tana kaɗe zane. A hankali ta yi maganar, don kada yara su ji: "Ɗiyata, wanga karatu ne ko tashe?"

Ban iya amsawa ba. Ta ɗauki kwalin m daga ƙasa, ta jujjuya shi, ta sa a jakarta. Sannan ta ce konseye, mai duba aikin malamai, zai zo duba mu ranar Alhamis, kuma ajina zai fara shiga.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.