Yinin da na yi a bakin mashigin ruwan Korinti

Asabar, da dare.

Yanzu na dawo masauki, kuma ina so in rubuta abin da na gani kafin barci ya sace ni, domin tun hantsi wannan mashigin ruwa bai bar zuciyata ba. Daga Atina, babban birnin Girka, zuwa can kimanin kilomita 80 ne, mota kuma ta ajiye mu dab da gadar da ta ratsa ta samansa. Da na leƙa ƙasa sai da na damƙi ƙarfen gadar da hannu biyu, saboda an tsaga dutsen ne kamar an sa wuƙa, bango biyu suna tsaye kusan mita 80, ruwan kuma yana can ƙasa, shuɗi, siriri kamar zare. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 6, faɗinsa bai cika mita 25 ba, zurfin ruwan kuwa mita 8 ne.

Sai da na tsaya a wurin na fahimci abin da ya sa mutane suka daɗe da ƙwallafa rai a kansa. Wannan ɗan zirin ƙasa shi kaɗai ya haɗa kudancin Girka da sauran ƙasar, shi ne kuma ya shiga tsakanin ruwan yamma da na gabas, ta yadda jirgin da ke son tsallakawa dole ya zagaye yankin Felofonis, wato kudancin Girkan, gaba ɗaya, tafiyar kusan kilomita 700 ta gaɓar da matuƙa ke tsoron iskarta. Marubutan dā sun ce Feriyanda, wanda ya mulki Korinti wajen shekara 600 kafin miladiyya, ya yi tunanin haƙa mashigi amma ya fasa. A wannan zamanin ne aka shimfiɗa hanyar dutse mai suna Diyolkos, wadda ake jan kaya da ƙananan jirage a kanta daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Wanda ya fara haƙa da gaske shi ne Niron, sarkin Rum, a shekara ta 67 miladiyya. An rubuta cewa shi da kansa ya fara saran ƙasa da diga, ya ɗauki kwandon farko a kafaɗarsa, amma aikin kansa fursunonin yaƙi ne suka yi, cikinsu har da Yahudawa 6,000 da aka turo daga yankin Galili. Na jima ina tunanin waɗannan bayin Allah, yadda suke fasa irin wannan dutse da ƙarfin damtse a ƙasar da ba tasu ba, ga shi sunan mai kwando ɗaya ne kawai ya kai gare mu. Niron ya mutu a shekara ta 68, aikin kuma ya mutu tare da shi.

Shekaru fiye da 1,800 suka shuɗe kafin a dawo kansa. Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya farkar da gwamnatin Girka, aka soma haƙa a 1882 a ƙarƙashin wani kamfani mai jarin Faransawa wanda Isban Tur, tsohon janar ɗan ƙasar Hangari, ya jagoranta. Abin da ya burge ni shi ne, injiniyoyin sun bi kusan layin da ma'aikatan Niron suka zana ne. Kamfanin ya karye kafin a gama, wani kamfanin Girkawa ya karɓa a 1890, aka buɗe mashigin a 1893.

Nan ne kuma abin baƙin cikin yake, domin an gama shi ne a daidai lokacin da jiragen ruwa suka fara girman da ya fi ƙarfinsa. Ƙuncinsa, da iskar da ke hurowa tsakanin bangon biyu, da igiyar ruwa mai ja, duk sun sa manyan kamfanonin jirage suka ci gaba da bin tsohuwar hanya. Dutsen ma ba mai tauri ba ne sosai, yana zaftarewa: a 1923 zaftarewa ɗaya ta rufe shi har shekara biyu, an kuma sake rufe shi a 2021 saboda dalili iri ɗaya. A 1944 sojojin Jamus da ke janyewa suka tarwatsa bangonsa da nakiya, suka jefa kawunan jiragen ƙasa da tarago a ciki, bai sake buɗuwa ba sai 1948.

Bayan azahar na sauka zuwa bakin yamma, wajen Fosidoniya, inda akwai wata gada da ba ɗaga ta ake yi ba idan jirgi zai wuce, nutsar da ita ake yi cikin ruwa. Na tsaya har aka tsayar da motoci, gadar ta yi ƙasa a hankali ta ɓace, wani ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido ya bi ta kanta. Irin waɗannan su ne yawancin masu bin mashigin a yau, sai jiragen shaƙatawa da ƙananan na dakon kaya.

Kusa da nan ragowar Diyolkos take, kuma a wurin na fi daɗewa. Manyan duwatsu ne a jere, wasu da alamun da magina suka sassaƙa a jikinsu, igiyar da jirage ke tayarwa kuma ta shekara tana cin gefensu. Na durƙusa na taɓa ɗaya, da ɗumin rana a jikinsa, ban tashi ba sai da direbanmu ya fara kiran fasinja.